Wikki Tourists: Tarihin Giwayen Bauchi

Masu kallo, assalamu alaikum. Ruwan da kuke gani yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wannan dutse shi ne Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ke cikin gandun dajin Yankari a ƙaramar hukumar Alkaleri, wadda zafinta yake tsayawa a kusan digiri 31 ko da rani ko da damina. Daga wannan ruwa ne babbar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Jihar Bauchi ta samo sunanta, kuma daga giwayen dajin ta samo laƙabin da magoya bayanta suke yi mata kirari da shi.

An kafa Wikki Tourists a farkon shekarun 1990, a lokacin da Gombe take cikin Jihar Bauchi, domin sai ranar 1 ga Oktoba, 1996 aka raba jihohin biyu. Kalma ta biyu a sunan tana nufin masu yawon buɗe ido, saboda haka duk garin da ƙungiyar ta je wasa, ko Legas ko Enugu ko Fatakwal, sai ta kai sunan Yankari kunnen mutanen da ba su taɓa taka dajin ba. Gwamnatin jiha ce take ɗaukar nauyinta, kamar yadda abin yake ga mafi yawan ƙungiyoyin gasar Najeriya, gidanta kuma shi ne filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke cikin garin Bauchi. Filin yana da nasa tarihin, domin an buga wasannin gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a cikinsa a 1999, aka kuma dawo da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009.

Idan kuka tambayi dattijan magoya baya shekarar da ba za su manta ba, za su ce muku 1998. A shekarar ce Wikki ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, gasar da ta fi kowace daɗewa a ƙwallon Najeriya tun da an fara ta a 1945, ta kuma haɗu da maƙwabciyarta Plateau United ta Jos. Aka yi ta fafatawa har alƙalin wasa ya hura usur ba a zura ƙwallo a raga ba, sai aka koma bugun daga kai sai mai tsaron gida, kuma a nan Wikki ta yi nasara. Abin da ya ƙara wa nasarar armashi shi ne cewa ƙungiyar ba ta ma cika shekara goma da kafuwa ba, ga shi kuma ta ɗauki kofin da ƙungiyoyi irin su Rangers da Shooting Stars suka yi suna a kansa. Kofin ne ya ba ta tikitin wakiltar Najeriya a 1999 a gasar Afirka ta ƙungiyoyin da suka lashe kofunan ƙasashensu, kuma har yau shi ne babban abin da take tinƙaho da shi.

A kakar 2007 ta ƙare a matsayi na uku, a bayan Enyimba da Gombe United, ta yadda a 2008 maƙwabtan biyu, waɗanda a da 'yan jiha ɗaya ne, suka fita wasannin Afirka a shekara guda.

Zamanin da matasan yau suka gani da idonsu shi ne na koci Abdu Maikaba. A kakar 2016 ya haɗa tawagar da babu wani fitaccen tauraro a cikinta lokacin da aka fara, amma ta zame wa manyan ƙungiyoyi ƙarfen ƙafa, musamman idan suka zo Bauchi. Godwin Obaje ya ci ƙwallo 18, ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar, Wikki kuma ta sake ƙarewa ta uku, a bayan Rangers da Rivers United. Wanda ya shiga filin a ranakun wasa a shekarar zai tuna yadda 'yan acaɓa suke jingine babura, 'yan kasuwar Wunti suke rufe shago da wuri, kowa yana neman wurin zama tun kafin la'asar.

Abin da ya biyo baya shi ne ciwon da yake damun ƙungiyoyi irin wannan. Da kaka ta yi kyau sai masu kuɗi su zo zawarci, kuma ba a ga laifin ɗan wasan da ya tafi, domin kwanakin ƙwallo ƙidayayyu ne. Maikaba ya koma Akwa United, inda ya ɗauki kofin ƙasa a 2017, Obaje ma ya sauya sheƙa. Da Wikki ta fita gasar Afirka a farkon 2017, ƙungiyar sojojin Saliyo ce ta fitar da ita tun a zagayen share fage. A ganina, wannan ne ya fi kowane rashin nasara ciwo a tarihinta, domin tikitin da aka yi kaka guda ana nema ya salwanta a wasa biyu kacal.

Daga nan ƙungiyar ta koma fafutukar tsira da kujerarta, har ta faɗa rukuni na biyu a 2023. Kaka biyu ta yi a can, inda tafiya take da tsawo, kuɗin shiga kuma ba su taka kara sun karya ba, amma samarin da suke buga ƙwallo a filayen makarantun unguwanni ba su daina mafarkin sanya rigarta ba. A 2025 ta samu gurbin dawowa babbar gasar Firimiya ta Najeriya tare da Barau ta Kano da Warri Wolves da Kun Khalifat, aka kuma sake buɗe ƙofofin filin Abubakar Tafawa Ɓalewa ga manyan baƙi.