Jarumin Gem: Dole Ne Sai Mun So Shi?

(An rubuto wannan lacca daga naɗin murya da aka yi a wani zaman matasa masu koyon haɗa wasannin kwamfuta a cikin garin Sakkwato. An rage gaishe-gaishe da maimaici, an kuma daidaita Sakkwatancin mai magana in ban da wurare kaɗan.)

Assalamu alaikum. Iyayena malamai da ke kujerun gaba, a yi mini afuwa, yau maganar wasa za mu yi, kuma za mu yi ta da gaske.

Bari in fara da wani shago a Mabera. Ɗaki ne guda, talabijin uku, benci biyu, janareta na kuka a waje. Na je neman ɗan yayata ne, an aike shi sayen magi tun la'asar, har an kusa kiran magariba babu shi babu dalilinsa. Na tarar da shi riƙe da wani fad, abin da ake dannawa a buga gem, da aka ɗaure da salatif, yara kusan goma sun yi masa rumfa. Ba ƙwallo yake bugawa ba. God of War ne, na farkon nan da ya fito a 2005 a PlayStation 2. Maimakon in ja kunnensa sai na tsaya ina kallo. Wani ƙato ne mai suna Kratos, kai ƙwal, jiki fari fat kamar an tsoma shi a toka. Ya kashe wani dodon ruwa, ya shiga cikin maƙogwaronsa, ya iske kyaftin ɗin jirgi yana reto yana roƙon a cece shi. Ƙaton nan ya miƙa hannu ya jawo shi, na ce to madalla, ashe da sauran imani. Sai kawai ya fizge makullin da ke wuyan mutumin, ya sake shi ya faɗa cikin dodo. Yara suka kwashe da dariya. Na ce wa yaron, kai, wannan ne jarumin naka? Ko waiwayowa bai yi ba, ya ce, "Kawu, ai mugu na. Amma in ka riƙa shi ba ka son ajewa."

Wannan amsa ita ce laccar tawa gaba ɗaya, sauran duk sharhi ne.

Da yawanku kun kawo mini labaran wasannin da kuke son haɗawa, kuma jarumanku duk uwa ɗaya uba ɗaya suke. Maraya ne, mai ladabi, kyakkyawa, ba ya ƙarya, kishiyar uwa ta zalunce shi. In na tambaya me ya sa, sai ku ce an ce dole mai wasa ya so jarumi, kuma ya ga kansa a cikinsa. To abu biyu kuka haɗa wuri ɗaya. So daban, ganin kai daban, kuma ni a ganina babu wanda ya zama dole a cikinsu.

Ɗauki ganin kai tukuna, shi ya fi sauƙi. Wa ya taɓa ganin kansa a Mario? Ɗan gajeren mai gyaran famfo, ɗan Italiya, wanda Bajapane Shigeru Miyamoto ya zana a kamfanin Nintendo. Ya fara fitowa a Donkey Kong a 1981, kuma hular nan da gashin bakin ba don a so shi aka yi su ba. Na'urar lokacin ba ta iya nuna gashin kai da baki a ɗan hoton da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, sai aka rufe kai da hula, aka rufe baki da gashi. Ba shi da tarihi, ba shi da damuwar da ta yi kama da tamu. Abin da yake da shi tsalle ne mai daɗi a hannu. Haka Gordon Freeman na Half-Life, na 1998, daga farko har ƙarshe bai ce uffan ba. Ban ce kamanni ba su da amfani ba. Na san abin da ya sa yaran nan suke son CJ na GTA San Andreas: baƙar fata ne, ya dawo unguwarsu saboda an kashe mahaifiyarsa, ga shi a kan keke yana ratsa lungu. Wannan yana jawo mutum ya zauna. Amma ba ya riƙe shi sa'a talatin.

Maganar so kuwa, mu Hausawa bai kamata ta ruɗe mu ba, don mun tashi da Gizo. Ku gaya mini halin kirki ɗaya na Gizo. Makwaɗaici ne, maƙaryaci, ya cuci Ƙoƙi ya fi a ƙirga. Ku tuna da ya ga hankaki suna cin ɓaure, ya dinga zuwa ɗibar wuta yana kashe ta a hanya yana dawowa don a ƙara sam masa. Suka tausaya, kowa ya ara masa gashi, suka tashi da shi zuwa itacen ɓaure a tsakiyar ruwa. Da isarsa sai ya hana masu itace ci, duk wanda aka nufa ya ce nasa ne, shi ya fara gani. Suka zare gashinsu suka bar shi a can. Babu yaron da ya taɓa cewa yana son ya girma ya zama Gizo, amma in kaka ta ce ga ta nan ga ta nanku, tatsuniyar Gizo muke roƙo. Me ya sa? Mun san yunwarsa. Mun san abin da yake nema tun kafin ya buɗe baki, muna jiran mu ga dabarar, muna kuma jiran mu ga inda za ta watse masa.

Kratos ɗin can na Mabera haka yake. Farin jikin nan tokar matarsa da 'yarsa ce. Shi ya kashe su da hannunsa, bayan Ares, abin bautar yaƙi na Girkawa, ya yaudare shi, aka la'ance shi tokar ta manne masa har abada. Da zarar ka san wannan, ba ka so shi ba, amma ka san me yake ci masa rai, ka san inda ya dosa.

Sai dai gem ya bambanta da tatsuniya a wuri ɗaya, kuma nan nake son mu daɗe. A tatsuniya kaka ce take sa Gizo ya yi cuta, kai kunne kawai ka bayar. A gem babban yatsanka ne. Idan jarumi ya yi mugunta, kai ka danna.

Wannan ya taɓa kama ni. Akwai The Last of Us, na kamfanin Naughty Dog, 2013. Wanda bai buga ba ya yi haƙuri, zan ɓata masa labari. Kana riƙe da Joel, mutumin da 'yarsa ta mutu a hannunsa ranar da annoba ta ɓarke. Bayan shekara ashirin aka ba shi wata yarinya, Ellie, wadda cutar ba ta kama ta, ya kai ta wurin masu neman magani. Da suka isa sai ya gane ba za a samu maganin ba sai an yi mata aikin da zai kashe ta. Ya ɗauki bindiga ya bi ta kan mutanen asibitin har ɗakin tiyata. Likita ya tsaya gabansa da 'yar wuƙar aiki a hannu. Ni dai a nan na ajiye fad a kan tabarma. Na ce ba zan kashe likita ba. Na je na sha ruwa na dawo, likita na tsaye, Joel na tsaye, wasa ya ƙi gaba. Babu wata ƙofa. Wallahi sai da na danna, kuma na kwana ina jin haushin kaina kamar na yi wa wani laifi a zahiri. Shin Joel mutumin kirki ne? Ya hana duniya magani, ya kuma yi wa yarinyar rantsuwa a kan ƙarya. Amma babu uba a ɗakin nan da zai ce bai gane shi ba.

A 2020 suka fito da na biyu. Wata mai suna Abby ta kashe Joel tun a farko-farko, kisa na wulaƙanci. Kana cikin farautarta, sai wasa ya juya ya miƙa maka ita, ya ce riƙe, kusan rabin wasan da ita za ka yi. Ashe 'yar likitan nan ce. Duniya ta rabu biyu. Wasu suka ce ba a taɓa yin irinsa ba, wasu suka yi fushin da har Laura Bailey, matar da ta yi muryar Abby, sai da aka aika mata barazanar kisa. Wannan hauka ne, ba sai an faɗa ba. Amma fushin kansa yana koya mana abu. Mai kallon fim zai iya tsanar bos ya ci gaba da cin gyaɗarsa. Mai riƙe da fad an ce ya kare ran wanda ya tsana, ya nema mata harsashi, ya ɗaure mata rauni. Ni wasan ya ci ni, a ƙarshe ba na son kowa ya mutu a cikinsu. Abokina da muka buga tare da gangan yake jefa ta daga bene yana dariya. Ban ce ya yi kuskure ba. Masu haɗa wasan sun yi caca ne, kuma ba kowa suka ci ba.

Wanda ya fi damuna ma shi ne jarumin da aka wanke tas. Nathan Drake na Uncharted, wanda ya fara a 2007, yaro mai fara'a, mai barkwanci, kowa na sonsa. A wurin labari yana tausayin abokai. Da an miƙa maka fad sai ka kashe mutane ɗaruruwa, a dawo labari ya ci gaba da raha kamar daga ɗaurin aure ya fito. A shekarar nan ta 2007 wani mai haɗa wasanni, Clint Hocking, ya yi rubutu a kan wasan BioShock, ya raɗa wa wannan cuta suna: saɓani tsakanin abin da labari ke faɗa da abin da wasa ke sa ka yi. Mu da Hausa sai mu ce baki na salati, hannu na yanka. Kratos ko ba komai bai yi maka ƙarya ba. Abin da aka ce shi ne, shi hannunka yake aikatawa. Shi ya sa da aka dawo da shi a 2018, ya tsufa, ga gemu, yana tafe da ɗansa Atreus za su kai tokar matarsa ta biyu ƙololuwar dutse, yana miƙa hannu zai dafa kafaɗar yaron sai ya janye, mutanen da suka yi ɓarna da shi suna yara suka ji abin a ƙirji. Da tun farko salihi ne, janye hannun nan ba zai nufi komai ba.

Saboda haka in za ku kawo mini labari gobe, kada ku fara da cewa jarumina mai kirki ne. Ku gaya mini me yake nema, me zai yi asara in bai samu ba, sannan me yatsana zai dinga yi minti bayan minti. Wani a cikinku ya kawo labarin ɗan kabu-kabu da ya ci bashin babur, kullum sai ya kai balas, yana zaɓa tsakanin ya bi hannun da ba nasa ba ya tsira da kuɗi, ko ya bi doka ya kwana da yunwa. Ya ce mini yana jin kunyar labarin don jarumin yana ha'inci. Ni kuwa duk cikin takardun shi kaɗai na karanta sau biyu. Sa wa jarumi babbar riga da hula ba ya mayar da shi namu. Balas ɗin nan ne namu.

(Wani dattijo ya yi tambaya: idan yaro ya wuni yana riƙe da mugu, ba zai kwaikwaye shi ba?)

Baba, Allah ya ƙara girma, tambayar tana kan hanya. Wasannin da na ambata, God of War da GTA da The Last of Us, duk na manya ne, kuma an rubuta a jikin kwalinsu. In ka ga harafin M, ko lamba 18, ba na yara ba ne. Matsalarmu ita ce kwalin ba ya zuwa shago, a na'ura ake loda wasan, mai shago kuma kuɗinsa yake kallo. Yaron da na ba ku labari shekararsa goma sha ɗaya a lokacin. Ranar na yi masa faɗan magi, na manta ban yi wa mai shago faɗan wasan ba, sai da muka kai gida uwarsa ta tambaye ni me na iske yana bugawa. Na ce mata ƙwallo.