Shugaban 'yan sanda ɗaya, gwamnoni huɗu: abin da ya kai ni West Trenton

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Yau ina magana da ku ne daga harabar gidan tarihin 'yan sandan jihar New Jersey da ke West Trenton, nan Amurka, kuma mamaki ne ya taso ni daga Newark. Wani abokin aikina ne ya ambata mini cewa mutum ɗaya, Kanar Rick Fuentes, ya shugabanci rundunar nan daga 2003 har zuwa 2017, bayan ya shiga aikin tun 1978 a matsayin ƙaramin jami'i. Shekara 39 ke nan a runduna ɗaya, 14 daga ciki yana kan kujerar shugabanci. Gwamna McGreevey ne ya naɗa shi, ya yi aiki da Codey, ya yi da Corzine, sannan Chris Christie na jam'iyyar Republican ya zo ya tarar da shi, bai kuma cire shi ba duk da cewa 'yan Democrat ne suka kawo shi.

Da na ji haka sai na zauna na lissafa sufeto-janar ɗin da Najeriya ta yi a cikin waɗannan shekarun: Tafa Balogun, Sunday Ehindero, Mike Okiro, Ogbonna Onovo, Hafiz Ringim, M.D. Abubakar, Suleiman Abba, Solomon Arase, da Ibrahim Idris. Mutum tara. Wasunsu shekara ɗaya da 'yan watanni suka yi. Ina alfahari da cewa akwai 'yan Arewa masu ƙwazo a cikinsu, amma ta yaya mutum zai gyara rundunar da ke tsare ƙasa baki ɗaya alhali kafin ya gama sanin kwamishinoninsa an fara maganar wanda zai gaje shi?

Ba a karɓi ko sisi a ƙofa ba, kuɗin mai da na hanya kawai na kashe. A ciki na ga tsanin katako mai gaɓa uku da aka gabatar a shari'ar satar jaririn shahararren matuƙin jirgin sama Charles Lindbergh, wanda aka sace a 1932, irin wanda mutum ya haɗa da hannunsa a gida, an ajiye shi har yau. Wanda ya jagoranci binciken shi ne shugaban rundunar na farko, Norman Schwarzkopf, wanda ya kafa ta a 1921, mahaifin janar ɗin da dattawanmu suka riƙa jin sunansa a rediyo lokacin yaƙin Tekun Fasha.

Sai dai kada ku ɗauka Fuentes ya gaji gida mai tsabta. A watan Afrilun 1998, jami'ai biyu sun tsayar da wata mota a babban titin Turnpike, wanda nake bi kusan kullum, suka harba harsashi 11 a kan samari huɗu, baƙaƙen fata uku da ɗan asalin Latin Amurka ɗaya, da ke hanyarsu ta zuwa gwajin ƙwallon kwando a North Carolina. Uku sun ji rauni, babu mai makami a cikinsu. Jihar ta biya diyyar kusan dala miliyan 13, ta kuma amsa da bakinta cewa ana tare direbobi saboda launin fatarsu. A 1999 gwamna Christine Whitman ta sallami shugaban rundunar, gwamnatin tarayya kuma ta sa rundunar ƙarƙashin sa ido na kotu: kyamara a motocin sintiri, rubuta launin fatar duk wanda aka tsayar da dalilin tsayarwar, da masu bincike daga waje suna duba hotunan. An yi shugabanni biyu a ɗan lokaci kafin Fuentes ya zo, kuma a hannunsa ne kotu ta ɗage wannan sa ido a 2009. A ganina zaman da ya yi ne ya ba shi damar ƙarasa aikin, domin canza halin dubban jami'ai yana buƙatar shugaban da ƙananan ma'aikata suka san ba gobe zai tafi ba, balle su yi likimo su jira wucewarsa. Ƙorafin baƙaƙen fata bai ƙare ba, ni ma gabana kan faɗi idan na hango fitilarsu a madubi, amma aƙalla akwai hoton da lauya zai iya nema.

Ga gargaɗina ga duk mai shirin zuwa nan ya yi tuƙi. Idan an tsayar da kai, ka gangara gefen dama, ka kashe mota, ka ɗora hannuwanka biyu a kan sitiyari, kada ka fito sai an ce ka fito, kada kuma ka kai hannu aljihu ko ƙarƙashin kujera kafin ka faɗa wa jami'in abin da za ka ɗauko. Don Allah kada ka kuskura ka miƙa na goro. Abin da a hanyar Kano zuwa Kaduna wasu suka mayar da shi gaisuwa, a nan babban laifi ne da zai iya kai ka kurkuku ya kuma lalata maka takardun zama.

Ina bin muhawarar da ake yi a gida kan kafa 'yan sandan jihohi, kuma na fahimci fargabar mutanenmu, domin mahaifina ya sha ba ni labarin yadda aka yi amfani da 'yan doka na En'e a kan 'yan NEPU kafin a haɗe su da 'yan sandan tarayya. A nan gwamna ne yake zaɓo shugaban rundunar, amma sai majalisar dattawan jiha ta amince, rundunar tana ƙarƙashin babban lauyan jiha, kuma da aka ɗage sa idon tarayya a 2009 majalisa ta yi doka ta kafa ofishin da zai ci gaba da binciken. Duk ɗan majalisar da ya zo mazaɓarku da maganar 'yan sandan jiha, ku tambaye shi wa zai naɗa shugaban, wa ke da ikon cire shi, kuma ina talaka zai kai ƙara idan an zalunce shi.