Jawabin Maraba Ga Babban Baƙo A Taron Ƙara Wa Juna Sani Kan Ra'in Bayan-Zamananci Da Wasan Kwaikwayon Talabijin

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma Mataimakin Shugaban Jami'a, mai girma Shugaban Tsangaya, babban baƙonmu Shehin Malami wanda dominsa muka taru a yau, iyayenmu malamai, 'yan'uwa marubuta da masu shirya wasan kwaikwayo da suka ajiye aikinsu suka amsa gayyatarmu, wakilan kafafen yaɗa labarai, ɗalibanmu maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

A madadin malamai da ɗaliban wannan sashe na koyar da aikin jarida da sadarwa, ina yi wa Malam barka da zuwa da sannu da hanya. Mun san nisan da aka taso, mun kuma san yawan hidimomin da aka jingine kafin a samu sararin zuwa, kuma tun da Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, wannan tattaki ya ishe mu shaida cewa Malam ya ɗauke mu nasa.

Allah ya gafarta Malam, bisa al'ada jawabi irin wannan kan fara da tarihin sashe da yawan ɗalibai da jerin nasarori. Ina neman izini in tsallake wannan duka in je kai tsaye ga damuwar da ta sa muka yi ta aika wa Malam takarda har ya amsa. A 'yan shekarun nan, da wuya ɗalibi ya zaɓi wasan kwaikwayon talabijin a matsayin batun kundinsa ka buɗe babi na biyu ba ka tarar ya ɗora aikin a kan ra'in bayan-zamananci (wanda ake kira postmodernism da Turanci) ba. Da ya ga mafarki a cikin shiri, ko an yi waiwaye, ko an tsayar da labari an saka waƙa, sai ya yanke hukunci cewa ra'in ya hau, ya wuce babi na gaba. Ban ware kaina daga laifin ba, domin akwai irin waɗannan kundaye da na duba na sa musu hannu.

Ra'in nan yana da mahaifa da lokacin haihuwa, kuma mantawa da su ne tushen matsalarmu. A 1979 masanin falsafar nan ɗan Faransa, Jean-François Lyotard, ya rubuta wa majalisar jami'o'in lardin Kwibek na ƙasar Kanada rahoto a kan halin da ilimi ke ciki a ƙasashen da suka ci gaba, inda ya bayyana bayan-zamananci da cewa shi ne yanke ƙauna daga manyan ƙissoshin da ke iƙirarin bayyana komai. Abin da yake nufi shi ne alƙawarin da aka yi wa Turawa cewa kimiyya za ta kai ɗan Adam tudun mun tsira, da alƙawarin gurguzu cewa tarihi zai ƙare da nasarar ma'aikata, alhali kuwa mutanen da aka yi wa alƙawarin sun ga yaƙin duniya har sau biyu a cikin shekara talatin da ɗoriya. Jean Baudrillard, shi ma Bafaranshe, ya zo a 1981 da hujjar cewa hotuna sun yi yawa har sun tsinke daga abin da aka ɗauka, inuwa ta fi mai ita ƙarfi a zukatan mutane. Shi ne ya rubuta maƙalu uku a 1991 yana cewa yaƙin Tekun Fasha bai auku ba, ba don yana musun an kashe mutane a Iraƙi ba, sai don abin da duniya ta kalla a talabijin shiri ne da aka tace aka tsara, wanda ya sha bamban da abin da ya faru a ƙasa. Shi kuwa Fredric Jameson na Amurka, a 1984 ya kalli al'amarin da idon zargi, ya ce alama ce ta jari-hujja da ta kai maƙura, kuma fasahar wannan zamani haɗin gambiza ce ta tsofaffin salailai da ake arowa ba don yabo ba, ba kuma don ba'a ba.

Masana kafafen yaɗa labarai sun rungumi ra'in ne saboda talabijin ɗin da ke gabansu ta sauya. Tashoshi sun ƙaru, rimot da na'urar bidiyo sun shiga gidaje, tashar waƙoƙi ta MTV ta buɗe a 1981, sannan aka samu masu kallo da suka tashi a gaban akwatin tun suna rarrafe, sun haddace duk dabarun marubuta. Mai kallo irin wannan ba a ruɗa shi da tsohon salo, saboda haka sai marubuta suka koma ƙifta masa ido. A shirin Moonlighting, wanda tashar ABC ta nuna daga 1985 zuwa 1989, 'yan wasa kan juyo su kalli kyamara su yi wa mai kallo magana, har su ambaci marubutan shirin. A 1986 BBC ta nuna The Singing Detective na Dennis Potter, labarin wani marubuci da ke kwance a asibiti da ciwon fata, inda labarin da yake ƙirƙira da tunanin ƙuruciyarsa da ruɗanin zazzaɓi suka cakuɗe, har ma'aikatan asibitin kan ɓarke da rawa suna bin tsofaffin waƙoƙi da baki. Twin Peaks na David Lynch da Mark Frost, wanda ya fara a 1990, ya ɗauki labarin binciken kisan wata yarinya ya gauraya shi da soyayya da barkwanci da aljanu, kuma masu shirin ba su yi gaggawar bayyana wanda ya yi kisan ba sai da tashar ta matsa musu.

Akwai misali guda da nake yawan kawo wa ɗalibai domin ya rage musu zumuɗi. A shirin Dallas na Amurka an kashe Bobby Ewing, ɗaya daga cikin manyan jaruman labarin, a 1985 saboda ɗan wasan da ke fitowa a matsayinsa ya bar shirin. Da masu kallo suka ragu aka lallashe shi ya dawo, sai a 1986 aka nuna shi a banɗaki yana wanka lafiya lau, aka ce duk abin da mutane suka shekara suna kallo mafarkin matarsa ne. Wanda ya so zai iya rubuta shafi hamsin a kan yadda shirin ya rusa iyakar gaskiya da mafarki, amma abin da ya haifar da mafarkin nan lissafin kuɗin talla ne. Ɗalibin da bai tambayi wa ya biya kuɗin shiri ba, da wace tasha ce ta saya, da me ya tilasta wa marubuci juya alƙalaminsa, zai jingina wa falsafa abin da kasuwa ta yi.

Allah ya gafarta Malam, idan muka dawo gida sai tambayar ta ƙara tsauri, kuma a nan ne muka fi bukatar a haska mana fitila. Idan fallasa ƙaryar labari a cikin labarin shi ne ma'auni, to kakanninmu mata sun riga Faransawa, domin mai tatsuniya kan rufe da ƙurunƙus kan kusu, ta ce ba don gizo ba da ta yi ƙarya, ta kuma ƙara da cewa da ma ƙaryar ce ta shara. Idan kwaikwayon kwaikwayo ne, ga tashe nan da yara ke yi a watan azumi, suna sa gemun auduga suna taka sanda irin ta tsofaffi, kowa ya san ɗan wane ne a ƙarƙashin gemun amma a biye masa. Idan gauraya harshe ne, marigayi Usman Baba Pategi ya daɗe yana dama Hausar barikin soja da Turanci a Samanja. Idan kuwa aro ne daga nesa, fina-finan Kano sun ɗauko waƙa da rawa daga Indiya, yanzu ma har jarumin Indiya ake sa wa Hausar Kano a baki yana zuba karin magana.

Duk da haka ina da ja a kan kiran waɗannan abubuwa bayan-zamananci, kuma ina faɗin ra'ayina ne a gaban wanda ya fi ni sani domin a gyara mini. Sharaɗin Lyotard shi ne a daina gaskata babbar ƙissa, mu kuwa wasanmu bai daina ba. Tun daga wasannin gidan talabijin na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, har zuwa Daɗin Kowa da Kwana Casa'in na tashar Arewa24 da Labarina da masu dogon zango da ake sakawa a YouTube, marubucin Hausa yana ɗaukar kansa mai faɗakarwa, mai kallo kuma yana jiran ya ga azzalumi ya girbi abin da ya shuka, in bai gani ba ya ce an ɓata tarbiyya. Jihar Alfawa ta Kwana Casa'in ƙirƙirarriya ce, amma an ƙirƙire ta ne domin a faɗi gaskiya game da mulki, ba domin a ce babu gaskiya ba. Tufafin na iya yin kama da na Twin Peaks, wato gauraya da aro da wasa da lokaci, amma wanda ke cikin tufafin mai imani ne da hisabi.

Inda nake ganin Baudrillard ya fi kusa da mu shi ne a wajen masu kallo. 'Yan wasanmu da ke cikin zauren nan sun fi ni sanin yadda sunan shiri ke danne sunan yanka, da yadda wanda ya fito a mugu ke shan harara a kasuwa, da yadda ake rabuwa gida biyu a Facebook a kan auren da ba a taɓa ɗaurawa ba. Ko wannan rinjayen hoto ne a kan zahiri, ko kuwa tsohon shauƙin labari ne da waya ta ƙara wa amo, wannan na cikin abin da muke roƙon Malam ya warware mana. Muna kuma son jin ko akwai hanyar da ɗalibi zai amfana da kayan aikin ra'in, musamman wajen bin sawun yadda shiri ke aro daga shiri, ba tare da ya ɗauko dukan tarihin Turai ya ɗora wa marubucin da ke Kano ko Jos ko Damagaram ba.

Bukatarmu ta ƙarshe ba ta ra'i ba ce. Ɗalibanmu na shan wahala wajen samun kaset-kaset na tsofaffin wasanni, har ta kai wasu suna rubutu a kan Samanja da Karkuzu daga abin da iyayensu suka ba su labari da guntayen da suka tsinta a intanet. Muna fatan Malam, da girmansa da jin maganarsa da ake yi a gidajen talabijin, zai sa mana baki a samu kwafin abin da ya saura, a mayar da shi kan kwamfuta, a ajiye a ɗakin karatun sashe.

Muna sake yi wa Malam maraba da shi da 'yan rakiyarsa, muna roƙon Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Allah ya gafarta Malam, ɗalibai sun buɗe littattafansu, zaure na Malam ne. Bismillah.