Mai Unguwar Da Ba A Naɗa Ba

Jama'a masu sauraronmu, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

Wata ranar Laraba bayan la'asar wayata ta shiga kuka babu ƙaƙƙautawa. Na duba, sai na ga zauren WhatsApp ne na unguwarmu ya ɗauki zafi. Wani bawan Allah ya leƙo ta saman bene ya ɗauki hoton wani saurayi tsaye a ƙofar wani gida, da buhu a kafaɗa, ya rubuta a ƙasa: "A kula da wannan yaron, tun ɗazu yake kai-kawo a layin bayan masallaci." Kafin a kira magariba saƙonni sun fi ƙarfin karatu. Wannan ya ce ya taɓa ganinsa ranar da aka sace masa batirin mota. Wata ta aiko da saƙon murya, tana rantsuwa cewa irinsu ne masu leƙen asirin gidaje. Wani kuma ya ce a sanar da 'yan sintiri. Ni ma, Allah na tuba, sai da na tashi na duba ko an saka sakata a ƙofar gida.

Zan dawo kan yaron nan. Amma shi ne dalilin sharhinmu na yau, kan zaurukan unguwa da suka koma cikin waya, da kuma mutanen da ke riƙe da linzaminsu.

Kada wani ya ɗauka na zo rushe abin ne. Wanda duk ya zauna a unguwar da ke da zaure mai rai ya san daɗinsa. Yaro ya ɓace da hantsi, a saka hotonsa, kafin azahar wani mai kanti ya ce ga shi nan a wurinsa yana shan lemo. A da sai an bi masallatai ana cigiya, ko a kawo mu nan gidan rediyo a jira lokacin sanarwa. Rasuwa ta faru da asuba, kafin ƙarfe takwas kowa ya san lokacin jana'iza. Taransifoma ta ƙone, a zauren ake yanka wa kowane gida abin da zai bayar, a kuma saka jerin waɗanda suka biya, abin da ya rage yawan "ai na bai wa wane". Gayyar yashe kwata kafin damina, neman mai gyaran famfo mai amana, neman jini ga mai naƙuda a asibiti cikin dare: duk na ga an yi, kuma an dace. A sababbin unguwanni na bayan gari, inda kowa ya ja katanga mai tsayi ya kafa get, wani ba zai san sunan maƙwabcinsa ba in ba don zauren ba.

A Amurka an mayar da wannan abin sana'a guda. Akwai manhajar da ake kira Nextdoor, wadda aka kafa kamfaninta a birnin San Faransisko, ta fara aiki a faɗin ƙasar a 2011, yau kuma tana ƙasashe 11, har da Ingila da Faransa da Jamus da Kanada. Tsarinta ya bambanta da na Facebook. Ba ka shiga sai da sunanka na gaskiya, kuma sai an tabbatar da cewa a unguwar kake zaune. A farkon lamarin har kati suke aiko wa mutum ta gidan waya, da wata lamba a jiki, don a tabbatar da adireshinsa. Tunaninsu shi ne, mutumin da ya san zai haɗu da kai gobe a bakin shago ba zai zage ka yau a waya ba.

Tunanin ya yi kyau, sai dai ya manta da mutum ɗaya: wanda ake magana a kansa alhali ba ya cikin zauren.

A 2015 mazauna birnin Oakland da ke jihar Kalifoniya suka fara kokawa, jaridun garin kuma suka ɗauka. Sashen manhajar da aka ware don rahoton laifi da tsaro ya koma wurin da ake rubuta cewa an ga "wani baƙar fata da ba a yarda da shi ba" yana tafiya a titi, ko yana zaune a cikin mota, ko yana ƙwanƙwasa ƙofa. Sau da yawa mutumin ɗan unguwar ne, ko mai kawo saƙo, ko wanda ya zo wurin abokinsa. Laifinsa launin fatarsa.

Abin da kamfanin ya yi a 2016 shi ne ya fi jan hankalina. Ba wa'azi suka yi wa mutane ba, hanyar rubuta rahoton suka sauya. In za ka ce ka ga wanda ba ka yarda da shi ba, sai manhajar ta fara tambayarka: me ka ga yana yi? In kuma ka ambaci launin fatarsa, ba za ta bari saƙon ya wuce ba sai ka ƙara aƙalla siffofi biyu, kamar irin rigarsa, ko takalminsa, ko gashinsa. Wato sun sa wa mai gaggawa tuntuɓe da gangan. Kamfanin ya ce irin waɗancan rahotanni sun ragu da kashi 75 cikin ɗari. Alƙalumansu ne, kuma mai kaya ba ya kushe kayansa, amma dabarar tana da ma'ana: mutumin da aka tilasta masa ya faɗi abin da idonsa ya gani, sau da yawa sai ya tarar bai ga komai ba. A 2019 suka ƙara wata, wadda in ka rubuta magana mai zafi za ta tsayar da kai ta ce ko za ka sake dubawa kafin ka aika.

To amma na'ura ba ta raba gardama. A Nextdoor masu share saƙo da masu barinsa yawanci 'yan unguwar ne, 'yan sa-kai, ba albashi, kuma da yawansu sun sami matsayin ne don kawai su suka riga kowa shiga. A 2020, bayan wani ɗan sanda ya kashe George Floyd, wani baƙar fata, a birnin Minneapolis, mutane suka yi ta ƙorafin cewa waɗannan shugabanni suna goge saƙonnin goyon bayan zanga-zangar baƙaƙen fata da sunan ba a siyasa a zaure, suna kuma barin na ɗaya ɓangaren. Sai da shugabar kamfanin ta lokacin, Sarah Friar, ta fito ta amsa cewa laifinsu ne, aka yi alkawarin horar da masu sa idon, aka kuma cire maɓallin da ke tura rahoton mazauna kai tsaye ga 'yan sanda.

Akwai wadda ta fi wannan muni. Wata manhaja mai suna Citizen, wadda asalin sunanta ma Vigilante, wato ɗan banga, ta baza hoton wani mutum marar matsuguni a watan Mayun 2021, lokacin da gobarar daji ta tashi a yankin Pacific Palisades na birnin Los Anjalas. Ta ce shi ake zargi da cinna wutar, ta sa ladar dala 30,000 ga wanda ya taimaka aka kama shi. Ba shi ba ne. 'Yan sanda sun kama wani daban, kamfanin ya ba da haƙuri. Haƙurin bai bi kowace waya ya goge hoton ba.

Jama'a, mu nan ba mu da Nextdoor. WhatsApp muke da shi, kuma ta wata fuskar namu ya fi haɗari. Can akwai kamfani da ke ganin abin da ake rubutawa, ana iya kai masa ƙara, 'yan jarida na iya matsa masa lamba. Saƙon WhatsApp kuwa tun 2016 a kulle yake daga mai aikawa zuwa mai karɓa, kamfanin kansa ba ya karanta abin da ke gudana a zaurenku. Wannan kariya ce ga sirrinmu, ban musa ba. Amma ma'anarsa ita ce babu alƙali a sama. Daga adimin sai Allah.

Indiya ta ɗanɗana kuɗarta. A ranar 1 ga Yulin 2018, a ƙauyen Rainpada da ke jihar Maharashtra, taron jama'a ya kashe mutum biyar, baƙi matafiya masu neman sadaka da suka shigo ranar kasuwa, saboda jita-jitar masu satar yara da ta yi ta yawo a WhatsApp. Bayan wannan da makamantansa ne kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda, da farko a Indiya, sannan a duniya baki ɗaya a farkon 2019. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Waɗanda suka mallaki hankalinsu a watan Agustan 2014 za su tuna daren da aka yi ta tashin mutane daga barci ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a sha, wai maganin Ibola ne. Mutane sun kwanta asibiti, wasu sun rasa rayukansu. Kuma ba maƙiyi ne ya aiko maka da saƙon ba, ƙanwar babarka ce, ko maƙwabcinka mai son ka da alheri. Ƙarfin zauren unguwa ke nan, kuma nan ne rauninsa: kana yarda da maganar don ka san mai ita.

Yanzu mu dubi adimin ɗin namu. Wa ya naɗa shi? Galibi shi ne wanda ya buɗe zauren ranar da ake neman kuɗin sintiri, ko kuma yaron da ya fi kowa iya danne-dannen waya. Amma dubi ikon da ke hannunsa. Shi ke shigar da mutum, shi ke fitar da shi. Yana iya rufe bakin kowa ya bar shugabanni kaɗai su yi magana, kuma tun 2022 yana iya goge saƙon wani a wayar kowa da kowa. Zaure ɗaya yana iya ɗaukar mutum 1,024, ya fi yawan magidantan wasu ƙauyuka. Mai unguwa na gargajiya, duk ƙanƙantar sarautarsa, akwai dagaci a samansa, akwai hakimi, kuma in ya yi son kai za a je zaurensa a faɗa masa a ido. Yana sauraron ɓangare biyu kafin ya yanke. Adimin kuwa yana yanke hukunci ne a kan gado, da ido ɗaya a buɗe, tsakanin saƙon ɗaurin aure da tallar atamfa.

Ba na zargin su, don aikin ba na godiya ba ne. Ka goge saƙon siyasa, a ce kai ɗan wancan ɓangaren ne. Ka bar shi, a ce ka sayar da zauren. Ka hana talla, matan da ke sayar da turaren wuta da dubulan su ce ka tsone musu ido a sana'a. Ga kuma abin da Bature mai manhaja bai san da shi ba: kunya. Yaya saurayi ɗan shekara talatin zai goge saƙon Alhaji, sa'an mahaifinsa, wanda kuma shi ya sayi rabin wayar taransifoma? Sai ya yi shiru. Ƙa'idar zaure takan hau kan mai haya da ƙaramin ma'aikaci, ta kauce wa mai bene. Na ga an fitar da matashi don ya tambayi lissafin kuɗin sintiri, a zauren da wani babba ke turo labaran ƙarya kullum safiya ba mai ce masa uffan.

Sai babbar tambayar, wadda ita ta kai Oakland ga rigima, ita kuma ke kwance a zaurukanmu: su wa ke ciki, su wa ke waje? Masu gidaje suna ciki. Ɗan garuwa da ke kawo mana ruwa ba ya ciki. Almajirin da ke wanke-wanke a gidajenmu ba ya ciki, haka mai gyaran takalmi, da mai yankan farce, da 'yan jari-bola, da maigadin da ya zo ci-rani daga ƙauye. Su ne suka fi kowa taka ƙasar layin, su ne kuma kullum hotonsu ke faɗowa da tambarin "a kula". Ana shari'arsu a ɗakin da ba su san da shi ba.

Ban ce a daina faɗakarwa ba. Ƙwacen waya gaskiya ne, haura katanga gaskiya ne, mai tsoro ba mahaukaci ba ne. Abin da nake nema a wurin shugabannin zauruka ƙarami ne, kuma ba sai an kira injiniya ba. Duk wanda ya turo hoton mutum, a tambaye shi tambayar nan ta mutanen Kalifoniya: me ka ga ya yi? In amsar ita ce "tsaye yake", a sauke hoton nan take, ko na waye. In da abin dubawa, a kira mai unguwa ko shugaban 'yan sintiri a waya, su je su tambaya, ba a watsa fuskar mutum a wayoyi ɗari uku ba. Kuma riƙon zaure kada ya zama na mutum ɗaya. A sa dattijon da Alhaji zai ji nauyinsa, a sa mace, a sa ɗan haya. Umarnin a bincika labari kafin a afka wa mutane cikin jahilci yana nan a Suratul Hujurati, aya ta 6, kuma liman ɗin da ke karanta mana ita shi ma yana cikin zauren.

Yaron nan mai buhu, ɗan jari-bola ne. Matar gidan ce ta kira shi ya sayi tsohon injin markaɗe da ya lalace, ta ce ya jira a waje maigidan ya dawo daga masallaci su yi ciniki. Washegari da ya sake shigowa layin, 'yan sintiri suka tare shi da hotonsa a wayarsu. Kafin matar ta ji hayaniya ta aiko a ce ita ta kira shi, ya sha mari, an zazzage buhunsa a ƙasa.

Da dare adimin ya rubuta: "An gano yaron ba ɓarawo ba ne, a yi haƙuri." Mutum uku suka ɗaga babban yatsa. Saƙon da ya biyo baya na wata mai neman 'yar aiki ne. Wanda ya ɗauki hoton bai ce komai ba, ni ma da na duba sakata ban ce komai ba. Yaron bai ga ban-haƙurin ba, don wayarsa ƙarama ce mai tocila, kuma tun ranar ban ƙara jin kiransa na "jari-bola" a layinmu ba. Injin markaɗen yana nan jingine a ƙofar gidan.

Sai kuma wani jiƙon, a huta lafiya.