Kafin Ka Kwance Dish Ka Koma Kallo Ta Intanet

Jama'a masu kallo, assalamu alaikum. A gidaje da yawa a Nijeriya, abin da ake kira kebul ba waya ba ce da aka jawo daga titi, dish ne ko eriya a kan kwano da dikoda a ƙarƙashin talabijin, ko na DStv da kamfanin MultiChoice na Afirka ta Kudu ya fara a 1995, ko na GOtv da ya biyo baya a 2011, ko kuma na StarTimes. Duk lokacin da kuɗin wata ya ƙaru, sai magidanci ya fara tunanin ko ya ajiye dikodar ya sayi ƴar na'urar da ake kallo da ita ta intanet.

Na'urar kanta ba ta da wuyar sha'ani. Wasu kamar Fire TV Stick na Amazon ko Chromecast na Google ba su wuce tsawon yatsa ba da yawa, wasu kuma ƙaramin akwati ne mai manhajar Android. Ana soka ta a ramin HDMI da ke bayan talabijin, a ba ta wuta, a haɗa ta da wayfai na gida, shi ke nan YouTube da Netflix da sauran manhajoji sun bayyana a allo. Wanda talabijin ɗinsa ta tsufa, irin mai wayoyi uku, ja da fari da rawaya, sai ya ƙara sayen ɗan akwatin da ke mayar da HDMI zuwa waɗannan wayoyin. Wanda kuma yake da talabijin mai manhajoji a cikinta, wataƙila ma ba ya buƙatar sayen komai.

Inda maganar take shi ne data, domin kuɗin da ka daina ba mai dish yana iya komawa aljihun kamfanin sadarwa. A ƙiyasin Netflix, awa ɗaya ta kallo a matsakaicin hoto tana cin kusan gigabait 1, a hoto mai kaifi na HD tana iya kaiwa gigabait 3, a 4K da ya fi HD kaifi kuwa har 7. To, mu ɗauki gidan da ake kunna talabijin awa 4 a rana, wanda a gaskiya kaɗan ne ga gidan da ke da yara, balle lokacin hutun makaranta. A matsakaicin hoto, gigabait 120 ke nan a wata, a HD kuma lissafin yana iya kaiwa 360. Dikoda ba ta san wannan lissafi ba, tunda ko an kwana ana kallo kuɗin wata ɗaya ne. Saboda haka duk wanda zai dogara da datar wayarsa ya raba wa talabijin, da wuya ya kai mako guda bai ji a jikinsa ba. Abin da ya fi dacewa shi ne rauta, wato na'urar da ke raba wayfai a gida, mai tsarin wata, ko fayiba, wato wayar intanet da ake jawowa har gida, idan ta iso unguwarku, ko Starlink mai aiki da tauraron ɗan'adam da ya shigo Nijeriya a 2023 ga mai hali. Sannan a karanta sharuɗɗan tsarin da ake cewa ba shi da iyaka, domin da yawansu suna rage gudu da zarar an wuce wani adadi.

Gudun intanet ma abin dubawa ne. Megabit 5 a daƙiƙa yana isar HD a talabijin ɗaya, amma a gwada shi da daddare bayan isha'i, lokacin da kowa a unguwa ya hau, kada a ruɗu da gudun safiya.

Sai kuma tambayar abin da mutanen gida suke kallo. Idan finafinan Kannywood ne masu dogon zango, da karatun malamai, da labaran BBC Hausa, yawancinsu suna YouTube kyauta, kuma uwargida za ta kalla a lokacin da ta gama hidima, ba sai ta jira ƙarfe kaza ba. Ƙwallo ne ke da matsala. SuperSport, tashar wasanni ta MultiChoice, ce ke da haƙƙin nuna gasar Firimiya ta Ingila a wannan yankin, don haka mai son kallonta ta halastacciyar hanya zai ci gaba da biyan kuɗin wata ko da ta manhaja ce. Ga kuma jinkirin da kallon kai tsaye ta intanet ke yi, har ka ji maƙwabci mai dish ya yi ihun cin ƙwallo alhali a allonka ba a ma buga kwana ba. Akwatunan da ake tallatawa a kasuwa da alkawarin duk tashoshin duniya kyauta kuwa, satar fasaha ce, kuma ranar da aka toshe su babu wanda za ka kai wa ƙara.

Akwai riba ɗaya da ba a cika ambata ba, wato damina. Hadari mai ƙarfi yana ɗauke hoton dish, amma fayiba ba ruwanta da gajimare. Sai dai idan aka ɗauke wuta, rauta ma tana mutuwa, don haka ana so a tanadar mata ƙaramin batiri ko a ɗora ta a kan sola.

Shawararmu ita ce kada a kira mai kwance dish tukuna. A bar kuɗin wata ya ƙare ba tare da an sabunta ba, a yi kwana 30 da sabuwar na'urar, a shiga saitin manhajoji a sauke hoto zuwa matsakaici, a kashe tsarin da ke kunna bidiyo na gaba da kansa, sannan a rubuta yawan datar da aka ci. A wannan watan kuma a zauna da Baba ko Hajiya a nuna musu sabon rimot ɗin, domin wanda ya shekara goma yana danna lambar tasha yana iya tarar da wannan ba shi da lambobi ko ɗaya.