Malamin jami'a: tsanin da yake hawa da tambayar da yake bi

An ɗauki wannan lacca a faifai a wani zaure a Garwa, a arewacin Kamaru, inda wani malamin tarihi ya yi wa iyaye da ɗalibai jawabi bayan la'asar. An rubuta ta yadda ya faɗa, sai ɗan gyara.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam Liman, Allah ya gafarta malam. Iyayena maza da mata, sannunku da fitowa. Ƙannena da ke tsaye can baya, ku matso, rabin maganar nan taku ce.

Da sallar layya da ta wuce kawuna ya zaunar da ni ya ce, "Ɗana, na ji an ce kwana biyu kake shiga aji a mako. To sauran kwanakin me kake yi da su?" Da gaske yake tambaya, kuma na lura da yawa cikinku abin na ransu. Shi ya sa na amsa wannan gayyata.

Bari in fara da tsanin. Yaro ya ci bak, wato jarrabawar gama sakandare, ya yi lisans, digirin farko, shekara 3, mastar shekara 2, doktora aƙalla shekara 3, kuma sau da yawa takan zarce. Wannan tsari ake kira LMD, Kamaru ta shige shi a 2007. In an ɗauke shi aiki, matakai huɗu ne a gabansa: asistan, sharje da kur, metir da kwanfarans, sannan farfesa. Ba yawan shekaru ke ɗaga mutum ba. Akwai kwamiti na ƙasa, CCIU, da zai buɗe takardunka ya duba abin da ka bincika, a wace mujallar masana aka buga shi, ɗalibai nawa ka raina har suka kare kundinsu. 'Yan'uwanmu na Cadi takardunsu CAMES suke zuwa, hukumar jami'o'in ƙasashen Afirka masu Faransanci da aka kafa a 1968 mai mazauni a Wagadugu. Masu shari'a da tattalin arziki da likitanci kuma suna da wata gasa mai wuya, agiregasiyon, inda mutum ke tsayawa gaban manyan farfesoshi ya ba da darasi a auna shi. Kun ga ke nan malami zai iya shekara goma yana koyarwa da kyau, ɗalibai na son sa, amma in bai rubuta ba yana nan inda aka ajiye shi. Amsar tambayar kawuna ke nan: sauran kwanakin na bincike ne.

Ku tuna kuma jiya jiya ne aka kafa tsanin a ƙofarmu. Kafin 1993 jami'a ɗaya ce a ƙasar nan, ta Yawunde. Ɗan arewa sai ya bi mota zuwa Ngaundare, ya kwana a jirgin ƙasa, ya sauka a garin da bai san kowa ba sai 'yan Birkitari, unguwar Hausawa. A 1993 cibiyar da ke Dang ta zama Jami'ar Ngaundare. Ta Marwa ta zo a 2008, tamu ta Garwa a 2022.

To, binciken me? Nan nake so in daɗe.

Akwai wani ɗan garin nan, Eldridge Mohammadou, an haife shi a 1934, ya rasu a Maiduguri a 2004, Allah ya jiƙansa. Shi bai jira turawa su gaya masa tarihin ƙasarsa ba. Ya ɗauki rikoda ya bi fadojin lamiɓe, sarakunan Fulani, ya zauna gaban tsofaffi ya kwashi abin da ke bakinsu da Fillanci, ya rubuta, ya fassara. Tarihin Garwa, na Marwa, na Rai Buba, duk wanda zai taɓa su yau sai ya bi ta kansa. Tsofaffin da ya yi hira da su galibi sun riga mu gidan gaskiya. Da ya yi jinkirin shekara ashirin, da abin ya bi su kabari. Duk lokacin da na buɗe aikinsa wannan ne ke faɗo mini a rai.

Ga Farfesa Saibu Isa na Marwa. Wane ne a cikinku, 'yan kasuwa, bai san zargina, 'yan fashin hanya, ba? Wa bai taɓa ɗaure kuɗi a ƙugu yana addu'a a hanyar Kuseri ba? Abin da mu muke ba da labarinsa a majalisa shi ya mai da shi tambaya: su wane ne masu tare hanyar nan, daga ina bindigoginsu, me ya haɗa su da yaƙe-yaƙen Cadi da mutuwar shanun makiyaya, yaya aka tashi daga ƙwace kaya aka koma satar mutane don kuɗin fansa? Littafinsa ya fito a 2010, kafin Boko Haram ta ƙetaro mana iyaka. Da masifar ta zo, aikinsa na cikin waɗanda aka koma nema.

Masu ilmin noma su ma abin da ke gonakinmu suke bi. Ku ɗauki masakwa, wadda Fulani ke ce wa muskuwari. Dawa ce da ake dasawa bayan damina ta ɗauke, a baƙar ƙasar laka mai riƙe ruwa, karal, ta nuna cikin hunturu ba tare da ɗigon ruwan sama ba. Manoman Diyamare, yankin Marwa, suka iya wannan tun kakanni. Aikin masani shi ne ya auna ruwan da ƙasar ke riƙewa, ya ga wane iri ke jure fari, ya gano abin da maganin ciyawa ke yi wa ƙasar bayan shekaru. A Ngaundare akwai makarantar likitocin dabbobi, suna fama da sammore da tsando ke sa wa shanu. Nan kusa da mu a Bokle ake haɗa allurar rigakafin dabbobi. A Cadi kuwa, a 2001, wani ɗan ƙasar, Ahunta Jimdumalbai, ya tsinci ƙoƙon kan wata daɗaɗɗiyar halitta mai kama da mutum da aka sa wa suna Tumai a hamadar Jurab, wanda masana suka ƙiyasta shekarunsa kusan miliyan 7.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mu Hausawan ƙasar nan ina tarihinmu? Kakanninmu sun shigo tun zamanin Modibbo Adama, fatake da malamai da mahauta da marina. Sun kai Banyo, sun kai Tibati, suna sayen hauren giwa da goro, kuma mu faɗi gaskiya, har da bayi. Sun kafa zango a kowane gari. Amma wa ya bi unguwa unguwa ya rubuta jerin sarakunan Hausawa? Wa ya bi asalin gidajen malamanmu, wannan daga Kano, wancan daga Katsina ko Zazzau? Farfesa Hamadu Adama na Ngaundare ya yi aiki a kan rubuce-rubucen Larabci da ajami na arewacin Kamaru, Allah ya saka masa. Sai dai abin da ke cikin gafaka da adaka a gidajenku ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Na taɓa shiga wani gida aka buɗe mini akwatin marigayi kakansu, na tarar gara ta riga ni. Abin da ya rage wasiƙu uku ne da rabin wata waƙar wa'azi. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba.

Kuma wannan aiki sai ɗan gida. Baƙo zai iya koyon Hausa, amma tsohuwa ba za ta faɗa masa abin da za ta faɗa wa jikarta ba. Don haka, iyayena mata, in 'yarku ta ce za ta zarce mastar, kada ku ce karatun ya isa haka. Akwai ɗakunan da ni namiji ba zan taɓa shiga da rikoda ba.

Akwai laifinmu mu malamai, ba zan ɓoye ba. Kwamitin da ke ɗaga mu Faransanci da Ingilishi yake karantawa, don haka da su muke rubutu. Sai manomin da ya ba ka wata uku na lokacinsa ya mutu bai ji abin da ka gano a gonarsa ba. Ba wanda zai ƙara mini girma don na yi bayani da Hausa a rediyo ko a zaure irin wannan, amma bashi ne a wuyana.

Ƙannena, kada in ruɗe ku. Hanyar doguwa ce, kuma guraben aiki ba su da yawa. Ko da gwamnati ta sanar a 2018 za ta ɗauki masu doktora 2000 cikin shekara uku, an bar wasu da takardarsu a hannu suna koyarwa ana biyansu da awa. Wanda zai shiga ya shiga da tambayar da ke hana shi barci, don ita ce za ta riƙe shi ranar da aljihu ya bushe.

Roƙona ga masu tsofaffin takardu a gida: ba na cewa ku ba da su. Ku bar su a hannunku. Ku dai yarda a zo a ɗauki hotonsu shafi shafi a gabanku, a ba ku kwafi, a rubuta sunan mai su. Wanda ya amince ya shaida wa Malam Liman bayan magariba, ni da ɗalibaina biyu za mu fara zagayawa ranar Asabar. Ga ladan can ya miƙe. Wassalamu alaikum.