Kwalliyar Kirsimeti da karan dawa da ƙyallayen tela

Toh 'yan'uwa barkanmu da hunturu, ya sanyi? Yau kwalliyar Kirsimeti za mu yi kuma ko ƙofar kasuwa ba za mu taka ba, don ni shekaranjiya na leƙa na tambayi kuɗin bishiyar Kirsimetin nan ta roba, da mai shagon ya faɗa min sai na ce masa Allah ya ba da kasuwa na kama hanyata, kuɗin shinkafa da kaza ba zan ba wa roba ba gaskiya. Ga kayan aikinmu nan a tabarma kun gansu: sillen karan dawa, zare mai ɗan kauri, almakashi, tsohuwar kalanda, ƙyallayen atamfa da na roƙo wajen telana, babban gwangwanin madara da kuma sitaci. A Disamba dai an gama girbi, kara na nan jibge a gonaki, ko a cikin gari kike ki yi wa masu kawo itace magana za su kawo miki.

Mu fara da gam tunda sai ya huce. Sitacin rogo ɗin nan da muke sa wa kaya, cokali 2, ki dama da ruwan sanyi kaɗan sannan ki zuba tafasasshen ruwa kina juyawa kamar za ki yi koko har ya yi kauri ya yi sheƙi. Shi ke nan. Kar ki dama da yawa, bayan kwana biyu tsami yake yi.

Sai tauraro, kuma a nan zan ɗan daɗe don shi ne mutane ke cewa yana ba su wahala alhali ba komai a ciki. Ki yanka sille guda 5, tsawonsu ɗaya cif, ki auna da rular yara mai santimita 30, in ɗaya ya fi sauran ko da kaɗan ne tauraron zai karkace ya zama kamar kaza ta taka shi. Ɗauki biyu ki haɗa kawunansu a sama ki ɗaure, ƙafafun a buɗe kamar jinkar ɗaki. Na uku ki ɗaura shi a ƙafar hagu ya haura ya fita ta dama, na huɗu daga ƙafar dama ya haura ya fita ta hagu, kin ga yanzu akwai baki biyu da suka rage a sake, to na biyar ɗin shi zai kwanta a gicciye ya haɗe su. Kun gani ko? Ɗauri biyar kawai. Sirrin shi ne kar ki matse zaren tun farko, ki bar shi sako-sako sai kin daidaita tsinin nan biyar da ido tukuna ki bi su ɗaya bayan ɗaya ki tamke, sannan ki ƙara ɗauri a inda karan suka haɗu a tsakiya don kar ya yi ta motsi. In kina so ki naɗe shi da ƙyalle ja ko kore, amma ni kam na fi son shi haka da launinsa na kara, in hasken fitila ya buge shi kamar zinariya. A saman ƙofa ake rataye shi, tunawa da tauraron da ya ja masanan gabas har Baitalami, yana nan a Matiyu sura 2.

Yanzu komin dabbobi, wato siffar wurin da aka haifi Yesu, wannan kam ki kira yara don sun fi mu iyawa, ai duk wanda ya taso a ƙauye ya yi motar kara da tabarau na kara. A ɓare bayan karan a fitar da totuwar, totuwa ita ce jiki, ɓawon kuma a tsaga shi siri-siri ya zama ƙusa, da haka za a yi ɗan rumfa da tumaki da jaki, a soka ƙafafu huɗu an gama tunkiya, a shafa mata gam a manna auduga. Maryamu da Yusufu kuma totuwa ce a tsaye a naɗa mata ƙyalle. A baza busasshiyar ciyawa a kan kwali ko cikin faifai a jera su. Wasu za su ce wai abin ya yi ƙauyanci, toh ai shi Faransis na Asisi, waliyyin cocin Katolika, da ake cewa shi ya fara wannan al'ada a ƙauyen Gireco na Italiya a 1223, ciyawa ya zuba a komi ya jawo bijimi da jaki masu rai, babu wani ƙyale-ƙyale, kuma Luka sura 2 ma abin da ta faɗa kenan, a komin dabbobi aka kwantar da jaririn don ba su samu masauki ba.

Bishiya kuwa ba sai na ja ba. Asalinta daga Jamus ne, ta bazu sosai bayan wata jaridar Landan ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da iyalinta kewaye da ita a 1848, irin itacen can ne mai son sanyi. Ke dai nemi busasshen reshe mai rassa da yawa, ki cika gwangwani da yashi ki kafa shi, ki naɗe gwangwanin da atamfa, ki rataya ƙananan taurari da alewa. Masu manna auduga wai dusar ƙanƙara ban hana ku ba, amma ƙurar hunturu kwana uku za ta mai da ita ruwan ƙasa, ko a Jos da ake kukan sanyi ƙura ce ke sauka ba ƙanƙara ba.

Kalandar nan kuma a yanka ta faɗin yatsa biyu, a lanƙwasa kamar zobe a manne, a zura na gaba a ciki a manne, haka haka har sarƙa ta kai bango zuwa bango, iskar hunturu nan da nan take busar da gam ɗin. Ƙyallayen da suka rage a yanka su mai kusurwa uku a jera a igiya, 'yan Zumuntar Mata in kun haɗu ku goma da yamma ɗaya kun ƙawata coci gabaɗaya.

Abu ɗaya don Allah, ku saurare ni da kyau a nan. Kara da auduga da takarda a cikin hunturu makamashi ne, lokacin gobara kenan, kar wanda ya kunna kyandir kusa da su ko da an ɗauke wuta, kuma yara masu wasan nokawut su yi can waje nesa da ƙofar da aka rataya tauraro. In haske kike so ki sayi ƙananan fitilun nan masu batir da ba sa zafi, ki naɗa a jikin reshen, ki kashe kafin ki kwanta.